Idan ɗan adawa zai kara da shugaban ƙasa mai ci a muhawara, ta ina zai kama shi?

Mai Cajin Waya, Gujungu:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, kuma ina so waɗanda suka san siyasa da gaske su amsa min ba masu zagi ba. Jiya bayan isha'i a shagona mutane sun taru suna jiran wayoyinsu su cika, janareta na ta ƙugi, sai wani yaro ɗan makwabtanmu ya kunna tsohon bidiyon nan na Trump da Biden wanda suka yi a watan Yunin 2024, wanda Biden ya riƙa rikicewa yana fara magana ya kasa ƙarasawa. Toh daga nan fa musu ya ɓalle. Wani abokina mai achaba yace wallahi in shi ne ɗan adawa aka haɗa shi da shugaban ƙasa mai ci to wankin babban bargo zai masa, ya zage shi tas a gaban duniya tunda dama ce da ba ta zuwa sau biyu. Kawuna kuma, wanda shi manomin riɗi ne kuma tun zamanin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, yake jefa ƙuri'a, sai yace duk surutu ne, ba a taɓa cin zaɓe da baki ba, shi dai a bashi wayarsa ya tafi ya kwanta.

Ni kuma na kwana ina juya abin. Mai ci yana da komai a hannu, shi ke da jirgi, shi ke da gidan talabijin na gwamnati, shi ke da alƙaluman da ministoci za su haɗa masa, ga kwarjinin kujera. Shi kuma ɗan adawa ba shi da komai sai alƙawari. To in aka tsayar da su biyun na awa biyu, me ya kamata ɗan adawar yayi? Ya kai hari ne ko ya lallaɓa? Kuma ma wai muhawarar tana canja wani abu a nan wajenmu?

Tsohon Hedimasta, Ringim:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida min kawun naka, kace masa ɗan PRP ne ke gaishe shi, amma a wannan maganar ban bi shi duka ba.

Abu na farko da zan gyara maka, kace mai ci yana da komai shi ɗan adawa ba shi da komai. A filin muhawara abin juyewa yake. Mai ci ya shigo da kaya niƙi-niƙi a kai, shekara huɗu na abin da yayi da wanda bai yi ba, duk a fili suke kowa ya gani a tukunyar gidansa. Ɗan adawa kuwa hannu yake kaɗawa. Sannan ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba, mutumin da ya shekara huɗu ba wanda ya taɓa ce masa ƙarya kake, daga ranka ya daɗe sai Allah ya ja zamanin mai girma, in yayi tari ma a ce yayi daidai, irin wannan mutumin ya manta yadda ake musu. Ranar da aka tsayar da shi kafaɗa da kafaɗa da wani, aka ce minti biyu gareka shima minti biyu, ranar kwarjinin ya ragu tun kafin a buɗe baki. Shi yasa a Amurka sau da yawa shugaba mai ci ke shan kashi a muhawarar farko. Ya faru da Reagan a 1984, ya faru da Obama a 2012, na Biden kuma kun gani da idonku, ko wata ɗaya ba a yi ba ya janye daga takarar ranar 21 ga Yuli.

To me ɗan adawa zai yi? A ganina aikinsa ɗaya ne, ya maida daren ya zama daren hisabi. Kar ya yarda a maida maganar ta koma kansa shi, kar ya yarda a tafi labarin shekara talatin da suka wuce, duk inda aka ja shi ya dawo kan shekara huɗun nan. Misalin da nake yawan ba yara shi ne na 1980. Jimmy Carter ne ke kan mulki, kaya sun yi tsada a Amurka, ga Amurkawa 52 da ake tsare da su a Iran an kasa karɓo su. Sau ɗaya tak suka yi muhawara shi da Reagan, saura mako ɗaya zaɓe. Carter ya fi shi sanin takardu nesa ba kusa ba. Amma da aka zo rufewa sai Reagan ya dubi kyamara ya tambayi mutanen gida, wai su tambayi kansu, rayuwarsu yau ta fi ta shekara huɗu da suka wuce? Sayayya a shago ta fi sauƙi? Shikenan. Bai zagi kowa ba, ya miƙa wa kowane magidanci alƙalami yace kai ka yi makin. Jihohi 44 cikin 50 ya ɗauke.

Ka kawo shi nan gida. Ɗan adawa ba ya buƙatar ya haddace tiriliyan kaza da kaso kaza. Ya tambayi mai noman rani a Kadawa ko a fadamar Hadeja, nawa kake zuba mai a injin ban-ruwa da, nawa kake zubawa yanzu? Kowa ya san kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1000. Wannan ba sai an kawo takarda ba, gani ya kori ji. Wannan misali ne kawai na bayar fa, ko wace jam'iyya ce ke kan mulki dabarar ɗaya ce, da ita aka kada PDP a 2015 da maganar tsaro, kuma da ita za a iya kada wanda ya kada ta.

Shi kuma abokinka mai achaba ka gaya masa baki shi ke yanka wuya. Wanda ya shigo da zagi ya ba mai ci mafita, sai kawai ya haɗe hannu yace jama'a kun ga wanda ke son ku ba shi sojoji da 'yan sanda. Mutane na son su ga za ka iya zama a kujerar ne, ba wai za ka iya jijjiga ta ba.

Sojan Baka Mai Ritaya, Bichi:

Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce amma fa a Amurka. Ni na yi shekaru ina shiga gidajen rediyo a Kano ina kare 'yan siyasa ana bani na mai, na san cikin abin nan. Tambayar farko ita ce wai mai cin zai zo ne ma?? A ƙasar nan wanda yake ganin yana gaba ba ya zuwa, iyakarta kenan.

Mu tuna. Watan Maris na 2011 aka yi ta gidan talabijin na NN24, Kadaria Ahmed ce ta jagoranta. Buhari yazo, Ribadu yazo, Malam Shekarau yazo, Jonathan bai zo ba. Bayan kwanaki aka shirya wata ta ƙungiyar gidajen yaɗa labarai, su kuma ukun suka ce ba za su je ba, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi kamar mai intabiyun aiki. Kuma a waccan ta farkon wa ya ci? Har 'yan kudu sun yarda Shekarau ne, turanci kamar ruwa, amsa a tsare, washegari jaridu sai shi. Da aka zo ƙirga ƙuri'a na huɗu yazo, bai kai miliyan ɗaya ba a duk Najeriya, a Kano ɗin ma da yake gwamna Buhari ne ya cinye. Jonathan da ya guje musu shi ya tashi da sama da miliyan 22.

2015 kuma sai abin ya juye, ɗan adawar ne ma yaƙi zuwa, Buhari yace ba zai shiga ba, kuma ya ci da miliyan 15 da ɗoriya Jonathan na da kusan 13, karon farko da aka kada mai ci a tarihin ƙasar nan ba tare da sun tsaya a dandalin muhawara ɗaya ba ko na minti guda. 2019 Buhari bai je ba, 2023 Tinubu bai je irin waɗannan tarukan na haɗaka ba, duk sun ci. So kawun mai caji yana da gaskiyarsa wlh. Abin da ke kawo ƙuri'a a nan shi ne wa ke da ejan a kowace rumfa, wa ke da gwamnoni, wa malamai da masu unguwa suka yi wa shiru ko suka ɗaga wa hannu, sai kuma taliya da atamfar daren zaɓe, kar mu yaudari kanmu.

Amma abu ɗaya da har yau yake min ciwo a matsayina na wanda ya san darajar makirfo, shi ne abin da Atiku yayi ranar 19 ga Janairun 2019. Ya dawo daga Amurka, yazo har otal ɗin Transcorp a Abuja inda ake yi, da yaga Buhari bai zo ba sai ya juya ya tafi, ya bar wa Oby Ezekwesili da Moghalu da Fela Durotoye fili. Haba! An baka talabijin da rediyo na ƙasa baki ɗaya kyauta, ga mumbarin abokin karawarka ba kowa a kai, ai wannan mumbarin shi ne babban shaidarka. Duk tambayar da aka maka ka amsa sannan ka juya ka nuna wajen kace da yazo da shi ma ya gaya muku nashi. A Kenya a 2017 shugaba mai ci Uhuru Kenyatta bai zo ba, Raila Odinga ya tsaya shi kaɗai yayi ta bayani har lokaci ya ƙare. Eh shima bai hau kujerar ba, amma dai bai zubar da damar a ƙasa ba. In ɗan dambe ya fito fili ya ɗaure hannu abokin karo yaƙi fitowa, ai zagaya fili yake yana kirari makaɗa na zuga shi, ba komawa gida yake ba.

Maman 'Yan Biyu, Auyo:

Sannunku da hira. Ni ba 'yar siyasa bace, turara shinkafa nake ina kaiwa Hadeja, amma bari na sa baki tunda mu ne masu bin layi tun safe da goyo ranar zaɓe, ku maza kuna gindin bishiya kuna lissafi.

Baba, duk abin da kuka faɗa akwai abin da ban ji kun taɓo ba. Da wane yare ake muhawarar? Da turanci, a talabijin, da daddare, mu da a garinmu in aka kawo wuta yara har ihu suke. Surukata ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba kuma ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Abin da ke iso mana shi ne abin da rediyo ta tsakuro da safe ta fassara, da ɗan guntun bidiyon da yara ke turawa a WhatsApp wani ya ɗora murya da Hausa a kai. To in ɗan takara yana da wayo sai ya san cewa ba da wanda ke kusa da shi yake magana ba, da mai fassara yake magana. Yayi maganar da in aka juya ta zuwa Hausa ko Fulatanci ba za ta zube a hanya ba. In yace zai daidaita tattalin arziki ya jawo masu zuba jari, wallahi kafin ta iso Auyo ta zama iska. In yace buhun taki, ko kuɗin awo a asibiti, ko ambaliyar da ke cinye mana shinkafa kusan duk damina saboda kachalla ta toshe kogi, wannan ko a bakin rijiya za a maimaita ta. Lokacin da BBC Hausa ta shirya wa 'yan takarar gwamna muhawara da Hausa ai kun ga yadda aka saurara, har a gidan biki ana zancen wane ya amsa wane ya kauce.

Sai maganar zagi. Yaron nan mai achaba yaro ne shi yasa. Mu mata in muka ga mutum yana ɗaga wa dattijo murya yana nuna shi da yatsa to ya fita a ranmu ko da shi ke da gaskiya, sai muce wannan ba shi da kunya, in ya hau mu ma haka zai mana. Akwai yadda ake gaya wa babba ya gaza ba tare da an ci masa mutunci ba, kowace mace da ta zauna da uwar miji ta iya wannan.

Kuma ni abin da na fi jira a bakin ɗan adawa ba lissafin wahalata bane, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba sai an gaya min ba. In ka gama cewa wane ya kasa, to kai me zaka yi, yaushe, da wane kuɗin? Mun sha jin zan yi zan yi. A 2015 da bakinmu muka yi ta cewa canji har muryarmu ta dashe. Yanzu duk wanda yazo sai na ji ya faɗi abu ɗaya ko biyu da zan iya riƙe shi da su bayan shekara, ba jerin abu ashirin ba kamar mai tallan maganin gargajiya a kasuwar Maigatari wanda ƙulli ɗaya ke maganin basir da aljanu.

Ɗalibi a Dutse:

Anti kin gama magana wlh, musamman ta mai fassara, ban taɓa kallonta ta nan ba. Zan ɗan ƙara ta ɓangaren abin da mai ci zai yi ne, don duk mun tsaya kan hari kamar shi zai tsaya ne kamar buhu ana jibga.

Mai ci amsarsa kusan guda uku ce a ko'ina. Na tarar da abin a lalace, na fara gyara ku bani lokaci in ƙarasa, sannan wannan da kuke gani ya fi ni muni. Ta ukun ita ce mai haɗari don yawancin 'yan adawarmu ba sababbi bane, tsohon gwamna ne ko tsohon mataimaki ko tsohon minista, kowa da nasa fayil ɗin. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Misali maganar man da Baba ya kawo, duk wanda zai tsaya yace cire tallafi ne ya kashe talaka to ya shirya, don a kamfen ɗin 2023 ba Tinubu kaɗai yace zai cire ba, Atiku da Peter Obi ma sun faɗa, bidiyoyin na nan. In bai tanadi amsa ba, ta cewa ga yadda ni da zan yi shi daban, ga abin da zan fara tanada kafin in cire, to da hannunsa ya haƙa ramin. Ba a fafe gora ranar tafiya, a Amurka kwanaki suke warewa a rufe ɗan takara a ɗaki, a samo wanda zai kwaikwayi abokin karawar ya riƙa jefa masa mafi munin tambaya har ya daina jin zafinta. Namu 'yan takarar wa zai iya yi musu haka, yaran da ke jiran a basu kwangila?

Sai ƙa'idojin zama, su ma rabin yaƙi ne kuma kafin ranar ake cinsu. Wa zai yi tambaya, minti nawa, akwai 'yan kallo ko babu. A waccan ta Biden da kuka kalla ba 'yan kallo, kuma ana kashe makirfon wanda ba shi ke magana ba, ɓangaren Biden ne ma suka nemi hakan, sai ya zama Trump aka taimaka don an hana shi katsalandan ɗin da ya ɓata shi a 2020, aka bar Biden shi kaɗai yana tuntuɓe da harshensa. Wani lokacin in abokin karawa na faɗuwa aikinka kawai ka matsa gefe.

Akwai kuma ta Amurka a 1992 da ta yi daidai da maganar Anti. Wata mata cikin 'yan kallo ta tambayi yadda bashin da ke kan ƙasar ya taɓa su su kansu. Bush babba da ke mulki aka gan shi yana duba agogon hannunsa, ya kuma kasa gane tambayar. Clinton ya tako har kusa da ita yace ke ki gaya min yadda ya taɓa ki. Mutane sun manta duk alƙaluman daren amma ba su manta agogon ba.

Inda zan goyi bayan Sojan Baka shi ne kar a zaci dare ɗaya ya isa. Mondale ya kada Reagan a zagayen farko na 1984, a na biyu Reagan ya maida maganar tsufansa abin dariya har Mondale ɗin ya dara, ya kuma ci jihohi 49. Romney ya kada Obama a ta farko ya faɗi zaɓe. A nan kuma tsarin mulki cewa yayi sai ka fi kowa ƙuri'a kuma ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Don haka wanda ya tsaya a muhawara yana faranta wa Kano da Jigawa kaɗai rai da maganar da za ta ɓata wa Inugu ko Binuwai, ya ci tafi a shagon caji ya faɗi a Abuja.

Mai Cajin Waya, Gujungu:

Kai jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yanzun nan na karanta wa kawu duka, ya zauna kan benci yana ɓare gyaɗa yana ji. Da na zo wajen Shekarau ya buga cinya yace ka ji ko, ba na gaya maka ba. Da na zo wajen Anti kuma yayi shiru, can yace wannan matar ita ya kamata a tsayar. Baba Hedimasta yace yana amsa gaisuwa, wai ko kana cikin waɗanda suka je taron Malam Aminu a Ringim?

Mai achaba dai har yanzu yana kan bakansa, wai ko sau ɗaya ne sai an ɗan zaga.

Tsohon Hedimasta, Ringim:

Ina ciki mana, a kan keke muka je mu uku, ni ne a kan bodi. Ka ce masa ranar Lahadi in Allah ya kaimu zan shigo Gujungu sayen akuya, ya jira ni a shagonka bayan azahar, shi ma yaron mai achaba ka tsayar min da shi, dama ina neman wanda zai ɗauko min ita.